Wa Zai Zuba Maka Man?

Woodbridge, ranar Lahadi

Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa Ohio lafiya, ka sami ɗaki mai ɗumi da abokan zama na kirki. Allah ya tsare ka a kan titi, ya raba ka da gyangyaɗin tuƙi da santsin ƙanƙara, ya sa duk inda ka tayar da tirelar nan ka kashe ta lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai dai gidan ya yi mana faɗi.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Abin da na gani ne safiyar da ka tafi ya hana ni sakat.

Ina tsaye a bakin matakala da kofin shayi a hannu, ka sunkuya za ka ɗaga babbar jakar nan ka sa a bayan mota. Ka ɗago ta rabi, sai ka tsaya cak. Ba ka yi ƙara ba. Ka dire ta a hankali, hannunka na hagu ya tafi ƙugu, ka danna wurin da babban yatsa, ka riƙe numfashi. Sai ka waiga ko wani ya gani, ka durƙusa kamar mai duba iskar taya. Tayar nan lafiyarta lau, ni na sa mata iska ana gobe za ka tafi. Kuma wannan duba tayar na san shi, don na yi shekara da shekaru ina yin sa a gaban fasinjoji.

Ban ce maka komai ba. Ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, kuma yadda aka tashe mu a Maradi uba ba ya sakin baki da ɗan farinsa. Ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, har malamarka ta lakkwal, wato makaranta, ta taɓa tambayarka ko fushi nake da kai. Shi ya sa na miƙa maka hannu kawai na ce Allah ya kiyaye hanya, ka ce amin, ka ja mota. A takarda kuwa ba sai na kalle ka ba, don haka ka yi haƙuri da tsawonta da kuma rubutuna.

Ina da ƙuruciyata sosai aka haife ka, har yanzu a masallaci baƙi suna ɗauka wa da ƙani ne mu. Ban kai arba'in ba, amma bayana ya girme ni nesa. Ga yadda aka yi. Da na zo ƙasar nan, da safe ina sauke kwalaye a sito, da rana in shiga mota ina ɗaukar mutane har ƙarfina ya ƙare. Walat ɗina mai kauri yana aljihun baya, a kansa nake zaune wuni guda, jikina a karkace ban sani ba. Ranar da abin ya fara cizona a ƙasan baya, na ce gajiya ce. Na sayi ƙwayoyin kashe zafi na cika aljihun mota da su, ina haɗiya da shayi kamar gyaɗa. Ban gaya wa kowa ba. Ina ganin namiji da ya ƙetare teku don ya ciyar da gida bai kamata a ji shi yana cewa wayyo bayana ba.

Ɓoyon bai kai ni ko'ina ba. Wata Juma'a na tafi ruku'u na kasa ɗagowa, sai da na kama kafaɗar na kusa da ni. Daga ranar na koma sahun kujeru, cikin dattawa masu sanda. Kawunka Sale, taubashina, da yake ba ya barin ta kwana, muna fitowa ya ce, "Haruna, ashe ka riga mu tsufa? To tunda ka shiga sahun manya, ka sa mana albarka mana." Na ce masa, "Zo in shafa maka kai, ko gashi zai tsiro." Muka yi dariya, amma a mota ban yi dariya ba.

To ka ji na farko. Kada ka ɓoye. Shekara biyun da ka yi kana lodi a sito kafin ka sami lasin babbar mota, su ne suka fara aiko maka da saƙo. Ka je asibiti tun abin yana ƙarami, ka faɗa wa likita gaskiya, ba irin amsar da kake ba ni da Turanci ba, wai komai lafiya.

Kafin in yi hankali na sha wahalar banza. Akwai wani wanzami mutumin Tawa da ke tuƙi a Germantown, na bi shi har gida ya kafa mini ƙaho. Jini ya fita, na ji daɗi a raina, bayan kuwa yana nan yadda yake. Duk wanda ya ce ga magani sai in karɓa, asibiti kaɗai nake gudu, don ina tsoron a ce in daina tuƙi.

Dattijon Ba'indiyen nan da ka sani, a mota na tsince shi. Na ɗauko shi a bakin wani kantin kayan miyarsu a Annandale, da buhun shinkafa. Na fito zan sa masa a baya, abin ya cije ni, na durƙusa duba taya. Da muka kama hanya ya ce, "Direba, tayar ce ke ciwo ko kai?" Na ji kunya kamar in nutse. Ya ce a ƙasarsu ya koyi maganin gargajiyarsu, kuma yana duba mutane a wani ɗan ɗaki. Na yi murna, na ce ga wani wanda zai raba ni da asibiti. Ashe ba haka ba. Ya ce, "Ba zan taɓa bayanka ba sai ka je an ɗauki hotonsa ka kawo mini abin da likita ya ce. Ni ba na gani ta cikin fata." Har na ji haushinsa. Amma shi ya sa na je. Aka ce abin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan bayana ya ɗan turo yana taɓa jijiya, ba sai an yanka ba, amma zama da shi za a yi. Suka haɗa ni da masu koya motsa jiki. Da na kai wa dattijo takardar ya ce, "Yawwa. Su yi nasu, in yi nawa, kai ma ka yi naka. Naka ya fi yawa."

Ya kuma faɗa mini abin da nake so ka riƙe da kyau. Ya ce duk ranar da ƙafa ta mutu ko ta riƙa ja, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, kada in nemi man shafawa, kada in neme shi, in wuce asibiti a ranar. Kai ma haka. In ka sami mai irin wannan magani a can, ka lura da shi. Wanda ya fara tambayarka me likita ya ce, zauna. Wanda ya ce zai warkar da kai sarai ka watsar da asibiti, ɗauki takalminka.

Ranar farko ya riƙe wuyan hannuna ya daɗe yana saurare, ya duba harshena, ya tambaye ni barci, ya tambaye ni bayan gida, har ruwan da nake sha ko mai ƙanƙara ne. Na ga su ma kamar mu suke, suna ganin sanyi da bushewa ke shiga ƙashi. Sai ya sa na kwanta rub da ciki. Ya kwaɓa garin baƙin wakensu da tauri, ya murza shi ya naɗe kamar gammo, ya ɗora a daidai inda ke ciwo, ya bi gefen da jiƙaƙƙen yatsa ya liƙe shi da fata. Sannan ya tsiyaya man riɗi mai ɗumi da aka dafa da saiwoyi a cikin ramin, ya cika. In ya fara hucewa ya tsane shi da auduga ya zuba wani. Ɗanjuma, tun da na zo ƙasar nan ban ji abin da ya kai ɗumin nan ba. Kamar an kwance wani ƙulli da na manta yana nan. Na tashi ba a warke ba, amma na sa takalmi ban cije leɓe ba.

Matsalar ita ce hanya. In na taso daga Annandale na faɗa cunkoson titin 95, kafin in iso gida zaman mota ya cinye abin da man ya yi. Shi ya ce zai koya mana mu riƙa yi a gida, ya ba ni kwalbar mai, ya ce in sayi garin a kantinsu.

A nan na yi wautar da har yau akwai shaidarta a jikina. Na ce wake ai wake ne, me zai kai ni kanti alhali ga garin ɗanwake a gida? Lokacin ba ku daɗe da zuwa ba kai da mamarka. Na yi mata bayani a tsaitsaye, na ce a kwaɓa, a yi gammo, a zuba mai da zafi. Garin nan kuwa da kuka da kanwa a ciki, ya yi yauƙi, ya ƙi tsayuwa. Man kuma ta ɗora shi a kasko kai tsaye kan wuta, yadda ta saba in za ta yi ƙosai. Tana tsiyayawa gammon ya buɗe, man ya gangaro mini ta haƙarƙari. Ihun da na yi, maƙwabcinmu na sama sai da ya buga ƙasa. Tana shafa mini ruwan sanyi tana faɗa, wai, "Kai ka ce da zafi! Ni ina na taɓa ganin an soya miji, da zan san gwargwado?" Na ce, "To ai yanzu kin gani." Ta ce ita da man nan har abada, hannunta na girki ne.

Laifina ne, ba nata ba. Na karɓi abin mutane na yi masa gyaran fuska tun ban iya shi ba. Don haka in za ka yi, ka yi shi yadda masu shi suke yi. Garin nasu za ka saya, ba a sa masa komai sai ruwa, a kwaɓa da tauri. Man ba ya ganin wuta. A ƙaramin kwano ake zuba shi, a sa kwanon cikin ruwan zafi, a gwada a cikin wuyan hannu kafin ya taɓa baya. In akwai ƙurji ko rauni a wurin, a bari ya warke. Na san ka fi ni sanin duk wannan. Ina faɗa ne don wanda za ka koya wa.

Don kai ka karɓi aikin. Da muka koma wurin dattijo da ƙunata, kai na ɗauka ka yi mini tafinta, Turancinka ya riga ya wuce nawa. Ya kalli tabon, ya kalle ni, ya ce maka, "Gaya wa babanka na ce a ɗumama shi, ban ce a ci shi da yaji ba." Ka kasa fassarawa don dariya, ka juya mini baya kafaɗunka suna rawa. Ranar ya kama hannunka ya nuna maka yadda ake liƙe gefen. Kai ka sa wa abin suna rijiya.

Daga nan kowace Asabar da hantsi, in mamarka ta tafi shagon kitso, sai ka shimfiɗa tsohon tawul a falo ka ce, "Baba, a zo a haƙa rijiya." In kwanta, fuskata a cikin matashi, kai kana zaune ta bayana. Man nan ba ya son gaggawa. Ni ba halin in motsa, kai ba halin ka tashi, don dole a riƙa canja shi. Satin farko shiru muka yi, sai ƙarar cokali a kwano. Ban san ranar da aka fara ba, sai dai na ji kana ba ni labarin yaran da ke kwaikwayon maganarka a lakkwal, da yadda ka daina cin abincin da ake ƙunsa maka a gabansu. Ni ma na ji bakina yana ba ka labarin mahaifina, yadda ya raka ni tasha bai ce mini komai ba sai "ka riƙe salla", ya juya da sauri. Wata rana ka ce, "Baba, kana kewar gida?" Da a zaune muke ido da ido, da na ce maka tashi ka ba ni wuri. Amma fuskata tana cikin matashi, sai na ce, "Kullum." Ka tsane man, ka zuba sabo.

In an gama ka ɓamɓare kwaɓin, ka goge mini baya da tawul mai ɗumi, in tashi in sa riga, shi ke nan mun koma yadda muke. Ka ce a huta lafiya, in ce yawwa. Amma duk abin da na sani game da kai, a kwance na san shi.

Bari in koma kan kurakuraina, don ban gama ba. Da na ji sauƙi sai na ɗauka na warke. Na daina miƙe-miƙen da aka koya mini a asibiti, na karɓi aikin kai wa 'yan kasuwa kaya New York, in je in dawo ban tsaya ko'ina ba sai shan mai. Ka tuna yadda na shigo gida ina bin bango. Dattijo bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi, "Man nan lallashi yake yi, ba ya gyara abin da kake ɓatawa kullum." Kai yanzu zamanka a kujera zai fi nawa tsawo. Ka cire komai daga aljihun baya. Ka naɗe ƙaramin tawul ka sa a ƙugu. Duk inda doka ta ba ka tsayawa, ka sauka ka zagaya motar da ƙafa, ko ana sanyi, kada ka zauna a ciki kana latsa waya. In za ka sauka daga kan tirela ka juyo ka bi matakala da baya, kada ka yi tsalle don wasu suna kallo. In za ka ɗaga abu ka lanƙwasa gwiwa, ka rungume shi kusa da ciki. Iskar sanyin mota kada ta riƙa dukan bayanka. Motsa jikin nan da kake yi mini dariya in ina yi, wai na zama kyanwa mai miƙa, ka fara shi tun yau, bayan asuba, kafin ka sha shayi.

Akwai kuma na haɗiya. Na taɓa ganin wani gari a kanti da hoton mutum riƙe da baya a jikin gwangwanin, na saya ina sha a madara, ga ƙwayoyin asibiti ina sha, ban gaya wa kowa ba. Cikina ya ɗaure, na rasa gane kaina. Dattijo ya karɓi gwangwanin ya juya shi ya ce shi kansa bai san abin da aka zuba a ciki ba. Abin shafawa daban, abin da zai shiga cikinka daban. Kada ka haɗiyi komai sai likitanka ya san da shi, balle kai da barci a kan sitiyari zai iya hallaka ka da mutanen da ba su ji ba su gani ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Duk sauran za ka iya yi kai kaɗai, amma ban da rijiya. Asabar ɗin farko bayan tafiyarka na gwada. Na kwaɓa, na jingina madubi da kujera, na kai hannu baya ina lalube. Gammon ya zauna a karkace, man ya bi ta gefe ya shiga kafet, ga wuyana ya ƙage. Mamarka ta dawo ta same ni ina goge ƙasa, ta tsaya ta kalle ni, ta ce, "Kwanta, kafin ka ƙona mana gidan mutane." Ta karya rantsuwarta, yanzu ita ke zuba mini, kuma ta iya, har ta fi ka liƙe gefe. Sai dai ita da ni ai muna magana ko a tsaye. Ina kwance ina jin cokali a kwano, sai in ga kamar zan ji ka ce "Baba", sai in ji ta tana tambaya ko na sayo albasa.

To kai wa zai zuba maka? Wannan nake juyawa a raina in na tsaya a danja. Na san halinka, irin nawa ne. Za ka gwammace ka wuni kana duba taya da ka cire riga a gaban wani ka ce taimake ni. Ka daure ka nemi mutum ɗaya a cikin abokan zamanka, ko a masallaci, mai haƙuri, wanda ba ya yawan surutu a waje. Ka koya masa yadda dattijo ya koya maka. Zai yi maka dariya ranar farko, ka bar shi ya yi. Dattijon ya koma ƙasarsu wajen jikokinsa, da na ce ka kira shi.

In kuma ba ka samu ba, to ka ji. Tun da ka tafi nake koyon kwaɓin. Ina kifa faranti in ɗora gammon a bayansa, in zuba ruwa in ga ko zai zubo. Da farko yana zubowa, yanzu ya daina. Sale ya shigo ya same ni a kai, ya ce, "Haruna, tuwon wa kake tuƙawa a bayan faranti?" Ban kula shi ba. Na ji an ce manyan motocinku suna biyowa ta 95 in za su kudu. Duk ranar da hanya ta kawo ka kusa, ko ba Asabar ba ce, ka nemi inda za ka ajiye ta ka kira ni, zan zo in ɗauke ka. Tawul ɗin yana nan inda ka bar shi. Kai za ka kwanta wannan karon, ni in zauna ta baya. Ba sai ka kalle ni ba. In ka ga dama ka yi magana, in ba ka ga dama ba mu yi shiru har man ya huce in canja.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya ƙarfafa bayanka, ya sa ka daɗe kana sujada da goshinka a ƙasa. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda ka sauka, ya kare ka daga sharrin hanya da na mutum, ya dawo mana da kai lafiya. Sale yana gaishe ka, ya ce a gaya maka kada ka biyo sahun kujeru, wai wurin ya cika.

Na san in ka kira za ka ce idona ne, jakar ce ta yi nauyi. Kada ka wahalar da kanka, ba ni kaɗai na gani ba. Mamarka tana tsaye a tagar kicin safiyar nan. Ka san ta fi ni kunyarka, ko rakiya ba ta fito ba. Ba ta ce mini komai ba sai da aka kwana biyu, tana tsane mini mai a baya, ta ce, "Yaron nan ba taya yake dubawa ba. Ka rubuta masa."

Mahaifinka,
Haruna